Barade a cikin rami: yadda yaƙin 1914 ya sauke sojojin dokin Birtaniya daga sirdi

Duk shekara idan 11 ga Nuwamba ta zagayo, ranar da aka tsagaita wuta a Yaƙin Duniya na Ɗaya, akan yi ta yaɗa tsofaffin hotuna iri biyu masu kama da suna ƙaryata juna. A wasu za ka ga sojojin Birtaniya bisa dawakai, kowa riƙe da dogon mashi, takobi rataye a sirdi. A wasu kuma mutane ne tsugune cikin rami, taɓo har gwiwa, babu ko inuwar doki. Mai kallo sai ya rasa gane wanne ne ainihin yaƙin, kuma me doki ke nema a fagen da igwa da mashingan da iskar guba suka mamaye. Abin da hotunan ba sa faɗa shi ne, sau da yawa mutanen da ke kan dawakan su ne dai na cikin ramin, watanni kaɗan ne tsakani. Tarihin runduna guda, wadda Turawa ke kira 9th Lancers, wato 'Yan Mashi ta 9, ya isa ya nuna yadda hakan ta faru.

Yadda aka tsara su

A tsarin sojan Birtaniya na 1914, rundunar barade guda tana da mutum kusan 550, kowa da dokinsa. Runduna uku ke haɗuwa su zama birged. 'Yan Mashi ta 9 suna cikin Birged ta 2 tare da 4th Dragoon Guards da 18th Hussars, ƙarƙashin Janar De Lisle, shi kuma yana ƙarƙashin Janar Allenby. Aikin da aka tanadar wa barade uku ne: su yi gaba su leƙo inda abokan gaba suke, su tsare nasu dakarun kada a leƙo su, sannan idan maƙiyi ya karye su bi shi da sukuwa kafin ya sake tsayawa.

Wani abu ya bambanta baraden Birtaniya da na Faransa da Jamus. A yaƙin Afirka ta Kudu na 1899 zuwa 1902 sun sha wuya a hannun manoman Boer, waɗanda kan zo a kan doki, su sauka, su yi harbi daga bayan duwatsu, su sake hawa su ɓace. Hafsoshin Birtaniya kuma sun ga abin da bindiga mai saurin harbi ke yi wa mahaya, domin su da kansu suka yi wa wasu. A Kwatarkwashi, a watan Fabrairun 1903, sojojin da ba su kai 50 ba suka tare baraden Kano da ruwan harsashi, aka kashe Waziri Ahmadu a wurin. Saboda irin wannan darasi, kafin 1914 an riga an bai wa barde irin bindigar da ke hannun sojan ƙafa, ba 'yar gajeriya irin ta takwarorinsa na Turai ba, aka kuma matsa masa da koyon harbi a ƙasa. Mashin ma an taɓa soke shi a 1903, masu ƙaunarsa suka yi ta matsi har aka dawo da shi a 1909.

Yaƙin rami kuwa shi ne halin da ɓangarori biyu suka shiga lokacin da kowannensu ya kasa tsallake wutar ɗan'uwansa, sai kowa ya haƙa ƙasa ya shige. Zuwa ƙarshen 1914 ramukan sun miƙe kusan kilomita 700, daga gaɓar teku a Beljiyam har iyakar Suwizalan. A gaban kowane layi akwai shingen waya mai ƙaya, a tsakani kuma fili ne da ba na kowa ba.

Watan farko, kan sirdi

A makonnin farko an yi yaƙin da aka horar da su dominsa. Ranar 24 ga Agustan 1914, washegarin gumurzun garin Mons a Beljiyam, sojojin Birtaniya na ja da baya, Jamusawa na neman zagaye su ta gefe. A kusa da ƙauyen Audregnies aka umarci 'Yan Mashi ta 9 da 4th Dragoon Guards su afka musu. Suka yi sukuwa cikin gonaki a fili, igwa da bindiga na cin su, shingayen waya da layin dogo suka datse musu hanya, suka watse ba tare da sun isa inda mashi zai yi aiki ba. An yi asarar mutane da dawakai da yawa. A yammacin ranar Kyaftin Francis Grenfell na 'Yan Mashi ta 9, da raunukansa, ya tara sauran mutanensa suka taimaka aka janye igwogin wata ƙungiyar 'yan igwa da hannu a ƙarƙashin wuta. Wannan ya sa aka ba shi Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma a Birtaniya.

Ranar 7 ga Satumba, a ƙauyen Moncel, kwamandan 'Yan Mashi ta 9, Laftanar-Kanar David Campbell, ya ja 'yan tsirarun mahaya suka yi karo gaba da gaba da baraden Jamus da suka fi su yawa, mashi da mashi. Ana ɗaukar wannan a matsayin karo na ƙarshe irinsa da baraden Birtaniya suka yi a yaƙin. Amma abin da ya biyo baya a wannan rana ya fi nuna inda aka dosa: wata ƙungiyar Jamusawa ta taso wa 18th Hussars da sukuwa, su kuwa suka tsaya a ƙasa da bindigoginsu suka kusa ƙarar da ita.

Mako guda bayan haka Jamusawa suka tsaya a tuddan kogin Aisne suka haƙa rami. A nan aka kashe Riversdale Grenfell, tagwayen Francis, ranar 14 ga Satumba.

Dalilin sauke su

Ba wata sabuwar dabara ce ta sa aka sauke barade ba, rashin mutane ne. Sojojin da Birtaniya ta tura Faransa 'yan ƙalilan ne idan aka gwada da na Jamus, kuma zuwa Oktoba an riga an ci rabo mai yawa daga cikinsu. Da Jamusawa suka taso da ƙarfi suna neman ɓalle layi a garin Ypres na Beljiyam domin su kai tashoshin jiragen ruwa na gaɓar Faransa, babu wasu dakarun ajiya. Barade kaɗai ke iya isa wuri da sauri, kuma sun iya harbi. Sai aka ba su tudun Messines su tsare.

A ranakun 30 da 31 ga Oktoba 'Yan Mashi ta 9 suka yi faɗa a ƙasa a bakin garin Messines da cikin titunansa, gida-gida, kafaɗa da kafaɗa da sojojin Indiya da aka kawo musu ɗauki. Grenfell ya sake samun rauni. Garin ya faɗi ranar 1 ga Nuwamba, amma layin bai tsinke ba, an ja baya kaɗan aka sake tsayawa. Da baraden sun zo da mashi da takobi kawai, da babu abin da za su iya yi a Messines. Horon harbin nan na bayan yaƙin Boer ne ya yi rana.

Lissafin da ya cuce su

Nan ne wahalar barde ta bambanta da ta sojan ƙafa, kuma nan ne aka fi yi wa labarin gurguwar fahimta.

Doki ba ya tsare kansa. A ƙa'ida, idan mutum huɗu suka sauka, ɗaya ne zai tsaya riƙe da linzami huɗu, uku su tafi faɗa. Idan aka cire masu riƙon dawakai da maƙeran kofato da masu keken kaya, rundunar mutum 550 da ƙyar take kai bindiga 300 zuwa 350 cikin rami. Bataliyar sojan ƙafa kuwa mutum kusan 1,000 ce. Amma a kan taswirar manyan hafsoshi sau da yawa akan ba runduna faɗin layin da ya dace da mutanen da suka fi ta yawa. Sakamakon shi ne tazara mai faɗi tsakanin mai gadi da mai gadi, da ƙarancin barci, da rashin wanda zai karɓe ka. Igwogin da ke mara musu baya ma ƙanana ne, an ƙera su marasa nauyi domin su bi doki da gudu, ba domin rusa rami ba. A farkon yaƙin ko wuƙar bakin bindiga ba su da ita, diga da shebur ma ba su wadata ba, sai daga baya aka raba musu.

Yadda ake yi shi ne, a bar dawakai a gonakin ƙauyuka can nesa da inda igwa ke kaiwa, a cire kaimi, a ajiye mashi da takobi, a tafi layi da ƙafa ko a motocin bas da aka kwaso daga titunan Landan. A yi kwanaki a layin gaba, a koma na baya, sannan a fito.

Ƙasar Flanders da ke kewaye da Ypres shimfiɗaɗɗiya ce, ruwa na kusa da sama, haƙa kaɗan sai ya ɓuɓɓugo. Saboda haka wurare da yawa ba rami ne sosai ba, buhunan ƙasa ne aka jera aka yi tudu. Kafin ketowar alfijir da kuma gab da faɗuwar rana kowa zai miƙe da bindiga a bakin tudun, domin a lokutan nan aka fi kawo hari. Da rana ba mai ɗaga kai saboda gwanayen harbi. Aiki duk na dare ne: gyaran waya, kwashe ruwa, ɗauko abinci, kai masu rauni baya. Abincin naman gwangwani ne da busasshen biskit da shayi. Ƙwarƙwata ta cika ɗinkin tufafi, ɓeraye sun ƙoshi. A hunturun farko dubban sojoji suka kamu da ciwon ƙafa na tsayuwa cikin ruwan sanyi: ƙafar ta kumbura, ta mutu, wani lokaci sai an yanke yatsu. Maganin da aka samo shi ne sauya safa da shafa man kifin whale, aka kuma ɗora wa hafsa alhakin duba ƙafafun mutanensa ɗaya bayan ɗaya.

Sojan ƙafa idan ya fito daga layi yakan samu ɗan hutu. Barde kuwa yana fitowa dokinsa na jiransa, wani lokaci har da dawakan abokansa da ba su dawo ba. Sai shara da shayarwa da goge jiki da motsa su, ga sirdi da linzami da likkafa da dole su yi ƙyalli ranar dubawa. Waɗanda aka bari a baya ma ba hutawa suka yi ba, mutum ɗaya na fama da dawakai uku ko huɗu. Kuma barde ba ya samuwa da wuri. Ana iya horar da sojan ƙafa cikin watanni, amma mai iya hawa da harbi da kiwon doki sai an daɗe. Duk wanda igwa ta kashe a rami, an yi asarar gwanintar da ba a ma yi amfani da ita ba.

Hooge, 24 ga Mayun 1915

Ranar 22 ga Afrilun 1915 Jamusawa suka fara sakin iskar guba ta kulorin a arewacin Ypres. Yaƙin da ya biyo baya ya cinye dakarun ƙafa, aka sake kiran barade. Ranar 13 ga Mayu igwogin Jamus suka yi wa rundunonin barade da dama mummunar ɓarna a tudun Frezenberg, cikin ruwan sama, a ramukan da ba su da zurfi.

A daren 23 ga wata 'Yan Mashi ta 9 suka karɓi layi a Hooge, a kan hanyar da ta tashi daga Ypres zuwa Menin. Wajen ƙarfe 3 na asuba aka saki iskar a faɗin kusan kilomita 7, mafi girma da aka taɓa yi zuwa lokacin. Kulorin ta fi iska nauyi, don haka takan bi ƙasa ta gangara cikin rami ta zauna, wato wurin da ke kare mutum daga harsashi shi ne ke tara masa guba. Abin kariyar da yawancinsu ke da shi ɗan ƙyalle ne da auduga da aka jiƙa da magani, a ɗaure a hanci da baki. Bayan iskar sai igwa, bayan igwa sai dakaru. Layin da ke hagunsu ya karye, ana harbinsu ta gefe, amma suka riƙe wurinsu har dare. Fiye da rabin waɗanda suka shiga ramin an kashe su, ko an raunata su, ko guba ta kwantar da su. Francis Grenfell, wanda bai daɗe da dawowa daga jinya ba, yana cikin mamatan, yana da shekara 34. An binne shi a Vlamertinghe. Babu ɗayansu da ke kan doki a wannan rana.

Jiran gawon shanu

Daga nan rayuwar rundunar ta rabu biyu. A hunturun farkon 1916 aka mayar da abin tsari: kowace birged ta barade ta ba da bataliya guda ta ƙafa, aka tura su ramukan Vermelles. A wasu lokutan kuma leburanci ne zalla, haƙa ramuka, shimfiɗa layin dogo, binne gawawwaki. Hafsoshi matasa da dama suka gaji suka nemi sauyi zuwa jiragen sama ko tankoki ko dakarun ƙafa.

Sai kuma jira. Kafin kowane babban hari akan tara barade a bayan layi da fatan dakarun ƙafa za su huda ƙofa su kuma su wuce. A Somme, ranar 14 ga Yulin 1916, ƙofar ta ɗan buɗe tun da safe kusa da dajin High Wood, amma sai wajen ƙarfe 7 na yamma 7th Dragoon Guards da Deccan Horse ta Indiya suka isa. A Monchy-le-Preux, ranar 11 ga Afrilun 1917, 10th Hussars da Essex Yeomanry suka shiga ƙauyen da sukuwa cikin dusar ƙanƙara, suka sauka suka taimaka aka riƙe shi, igwa kuma ta yi wa dawakansu kisan kiyashi a cikin tituna. A Cambrai, ranar 20 ga Nuwamban 1917, tankoki fiye da 370 suka fasa layin Jamus, sai gadar Masnières ta rufta ƙarƙashin wata tanka, mafi yawan barade suka kasa haye mashigin ruwan.

Masu suka da masu karewa

Masu suka, waɗanda Firaministan Birtaniya na lokacin, Lloyd George, ke kan gabansu, sun ce riƙe barade ɓarna ce da son zuciyar janar-janar. Hujjarsu tana da ƙarfi. Manyan kwamandojin Birtaniya biyu a Faransa, French da Haig, duka barade ne, haka Allenby da Gough da Byng. Doki guda na cin kusan kilo 10 na hatsi da ciyawa kullum, ko ya yi aiki ko bai yi ba. A tsawon yaƙin abincin dabbobi da aka tsallaka da shi Faransa ya haura tan miliyan 5 da dubu 400, ya ɗan ɗara nauyin harsasai da albarusai. Duk wannan a lokacin da jiragen Jamus na ƙarƙashin ruwa ke nutsar da jiragen dakon kaya.

Masu karewa, yawancinsu masana tarihin soja na baya-bayan nan, sun ce a duba alƙaluman da kyau. Mafi yawan abincin nan dawakai da alfadaran jan igwa da keken kaya ne suka ci, domin da su rundunar gaba ɗaya ke motsi. Barade sun ragu daga kusan kashi 9 cikin 100 na sojojin Birtaniya a Faransa a 1914 zuwa ƙasa da kashi 2 a 1918. Sannan me zai maye gurbinsu? Babbar tankar 1917 ba ta wuce kilomita 6 a sa'a, kuma tana yawan lalacewa. Mota ba ta iya barin titi. Sun kuma kawo misalin Maris na 1918: da Jamusawa suka fasa layin Birtaniya ranar 21 ga wata, barade ne aka riƙa jefawa daga wannan ɓaraka zuwa waccan, su iso a kan doki su yi faɗa a ƙasa, su kuwa Jamusawa, da suka bar mafi yawan baradensu a fagen yaƙin gabashin Turai, ba su da abin bin waɗanda suka karye. A Amiens ranar 8 ga Agusta barade sun kutsa kilomita da dama sun kama fursunoni masu yawa.

Idan aka auna, kowane ɓangare ya kama wani abu. Abin da ya faru a High Wood da Cambrai ya fi nuna matsalar saƙo fiye da ta doki: igwa na tsinke wayar tarho, saƙo na tafiya da ɗan aike ko tantabara, kafin labari ya kai hedikwata umarni ya dawo, Jamusawa sun toshe ƙofar. Amma masu suka suna da gaskiya cewa babban burin da aka ajiye barade dominsa, wato fasa layi a bi maƙiyi har ya rushe, bai taɓa cika ba a Faransa. Inda ya cika shi ne Falasɗinu a 1918 ƙarƙashin Allenby, inda fili ke da faɗi kuma igwa ba ta yi yawa ba.

Abin da ya faɗa kan talakawa da dabbobinsu

Kafin yaƙin sojan Birtaniya na da dawakai kusan 25,000. Cikin makonni biyu na Agustan 1914 jami'ai suka bi gonaki da kamfanonin dako suka karɓe fiye da 100,000 a farashin da hukuma ta yanke, ana tsakiyar girbi. Da na gida suka kasa, aka koma saye daga Amurka da Kanada. Manoman Faransa da Beljiyam su ma an cika musu rumbuna da makiyaya da dawakan baƙi shekara da shekaru.

Dawakai da alfadarai kusan 484,000 Birtaniya ta rasa. Mafi yawansu ba harsashi ne ya kashe su ba, sanyi ne da cuta da gajiya. A hunturun 1916 zuwa 1917 an rage musu abinci, ga shi ana aske musu gashi saboda ƙazuwa, sai dusar ƙanƙarar Afrilu ta same su tsaye a fili. Da aka gama yaƙi kaɗan ne aka mayar gida. An sayar da saura ga manoma da mahauta a Turai, dubbai kuma a Masar, inda wata 'yar Birtaniya mai suna Dorothy Brooke ta tarar da ragowarsu suna jan amalanke a Alƙahira a 1930, har ta buɗe musu asibiti a 1934.

'Yan Mashi ta 9 sun shiga Jamus a kan dawakansu a watan Disamban 1918 tare da dakarun mamaya. A 1922 aka haɗe rundunonin barade da dama saboda tsimin kuɗi, a 1927 aka daina ɗaukar mashi zuwa fagen fama, ya zama na fareti kawai. Ita rundunar 'Yan Mashi ta 9 ta miƙa dawakanta a 1936, ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu da tankoki, sannan a 1960 aka haɗe ta da 12th Lancers.